Lahor Da Amritsar: Tarihin Maƙwabta Biyu Da Iyaka Ta Raba



Ya 'yan'uwana matasa, da yawa daga cikinku sun taɓa cin karo a intanet da bidiyon sojojin Indiya da na Pakistan suna faretin sauke tuta da yamma, kowane soja yana ɗaga ƙafa har kusan goshinsa yana dukan ƙasa, jama'a kuma sun cika ɓangarorin biyu suna sowa. Wurin da ake wannan fareti tun shekarar 1959 sunansa Waga a ɓangaren Pakistan, Atari kuma a ɓangaren Indiya. Ƙofar da sojojin ke rufewa tana tsakiyar wata tsohuwar hanyar fatake ce wadda ta haɗa manyan birane biyu na ƙasar Panjab, wato Lahor daga yamma da Amritsar daga gabas. Tsakaninsu bai wuce kilomita 50 ba. Harshensu ɗaya ne, Panjabi, abincinsu da yanayin ƙasarsu ma haka.

A ƙidayar jama'a ta 1881 kowane ɗaya daga cikin biranen nan yana da mutane kimanin 150,000. A yau kuwa Lahor ya ninka Amritsar fiye da sau goma a yawan jama'a, yana da jirgin ƙasa na cikin gari da manyan jami'o'i da hanyoyi masu hawa. Tambayar da wannan maƙala za ta bi diddiginta kashi biyu ce. Me ya sa maƙwabtan da suka tashi kafaɗa da kafaɗa suka yi irin wannan rata? Sannan shin ratar da ake gani a gine-gine ita ce ratar da ke cikin tukunyar talaka da lafiyar ɗansa?

Asalin Biranen Biyu

Lahor shi ne babba a shekaru. Daular Gaznawiyya ta mallake shi a farkon ƙarni na 11, kuma a wannan zamani ne Shaihu Ali Hujwiri, mawallafin Kashful Mahjub, ya zauna a cikinsa har ya rasu, aka binne shi a wurin da mutanen garin ke kira Data Darbar. Amma daular Mugal ce ta ɗaukaka shi. Sarki Akbar ya mai da shi fadar mulkinsa daga tsakiyar shekarun 1580 zuwa 1598. An binne Sarki Jahangir a gefen garin. A zamanin Shah Jahan aka gina masallacin Wazir Khan da lambun Shalimar, sannan Aurangzeb ya kammala masallacin Badshahi a 1673. Saboda haka tun fil azal Lahor gari ne na sarakuna da malamai da ma'aikatan fada, arzikinsa yana tafiya da mulki.

Amritsar kuwa a wajajen shekarun 1570 aka kafa shi, a hannun Guru Ram Das, shugaba na huɗu na mabiya addinin Sikh, wanda ya haƙa wani babban tafki ya kuma gayyaci 'yan kasuwa da masu sana'a su zauna kewaye da shi. A tsakiyar tafkin aka gina wurin ibadarsu mafi girma, Harmandir Sahib, wanda aka ajiye littafin addininsu a cikinsa a 1604. Garin ya sha hari, musamman daga Ahmad Shah Durrani na Afganistan wanda ya rushe wurin ibadar a 1762, amma kullum sai a sake gina shi. Ziyara da ciniki su ne tushensa.

A 1799 Ranjit Singh, sarkin Sikh, ya ci Lahor, bayan 'yan shekaru kuma ya haɗa da Amritsar. Ya riƙe Lahor a matsayin fada, Amritsar kuma kasuwa da cibiyar addini, shi ne ma ya lulluɓe Harmandir Sahib da zinariya. Adalci ya wajabta a faɗi abubuwa biyu game da mulkinsa. A zamaninsa an mai da harabar masallacin Badshahi bargar dawaki da ma'ajiyar kayan yaƙi, abin da ya yi wa Musulmin garin ciwo ƙwarai. A zamanin nasa kuma Musulmi ne, Fakir Azizuddin, ya riƙe masa harkokin waje. Bugu da ƙari, a ƙarni na 19 masaƙa Musulmi daga Kashmir, waɗanda yunwa da nauyin haraji suka koro, suka cika unguwannin Amritsar, suka mai da shi cibiyar saƙar mayafin ulu da dardumomi. Fatake daga Kabul da Bukhara suna sauke kayansu a nan, na Indiya kuma suna ɗauka.

Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun haɗiye Panjab a 1849, suka zaɓi Lahor ya zama hedikwatar lardi. Wannan zaɓi shi ne farkon ratar. A Lahor aka gina sakatariya da babbar kotu da barikin soja da babbar ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, a nan aka buɗe Kwalejin Gwamnati a 1864 da Jami'ar Panjab a 1882. Duk wanda ke neman aikin gwamnati ko shari'a ko ilimin zamani, Lahor zai nufa. A ƙidayar 1941 Lahor ya kai mutane 671,659, Amritsar kuma 391,010.

To sai dai har a lokacin biranen biyu jiki ɗaya ne. Layin dogo ya haɗa su tun 1862, kuma magudanar ban-ruwa guda, wadda ake jawowa daga kogin Rabi, ita ke shayar da gonakin gundumomin biyu. Ɗan kasuwa yakan sari kaya a Amritsar da safe ya kwana a gidansa na Lahor. Babu ɗayansu da yake na addini guda. Musulmi sun kusa kashi biyu bisa uku na mutanen Lahor, amma mafi yawan shaguna da bankuna da masana'antun garin na Hindu ne da Sikh. A Amritsar kuwa, birnin da ake ɗauka na Sikh ne, Musulmi sun kusa rabin jama'a. A can ne Malam Sana'ullah Amritsari, babban malamin Ahlul Hadis kuma mai tafsirin Alƙur'ani, ya rayu yana buga jaridarsa ta mako-mako, a can ne kuma mawaƙi Faiz Ahmad Faiz ya fara koyarwa a kwalejin Musulmi a 1935.

Har ma jininsu ya taɓa zuba a wuri guda. Ranar 13 ga Afrilu, 1919, Janar Dyer ya sa sojoji suka buɗe wuta a kan taron jama'a a filin Jallianwala Bagh na Amritsar. Hukumomin Turawa sun amince da mutuwar mutane 379, 'yan ƙasa kuma sun ce adadin ya fi haka nesa. Waɗanda suka taru suna nuna ɓacin rai ne, daga ciki har da na kama shugabanni biyu, ɗaya Musulmi, Dakta Saifuddin Kitchlew, ɗaya Hindu, Dakta Satyapal. Shekaru ashirin da takwas kacal bayan haka, 'ya'yan waɗannan mutane suka ɗauki makami a kan juna.

Rabuwar 1947

A Lahor ne jam'iyyar Musulmi ta Muhammad Ali Jinnah ta zartar da ƙudurinta na Maris 1940 mai neman ƙasa ta daban ga Musulmi. Da Turawa suka tashi tafiya, sai suka ɗauko wani lauya daga Ingila, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar Indiya ba, suka ba shi makonni biyar ya raba Panjab da Bengal. An bayyana layin da ya ja ranar 17 ga Agusta, 1947, kwana biyu bayan bikin 'yancin kai. Lahor ya faɗa Pakistan, Amritsar ya faɗa Indiya.

Tun watan Maris na shekarar wuta ta riga ta kama. An ƙone unguwanni a cikin tsohon birnin Amritsar, a watan Yuni kuma aka ƙone kasuwar Shah Alami, cibiyar 'yan kasuwa Hindu a Lahor. Jiragen ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin biranen sun riƙa isowa tasha cike da gawarwaki, daga wannan ɓangare da wancan. A faɗin yankin baki ɗaya mutane kimanin miliyan 15 suka bar gidajensu, waɗanda aka kashe kuwa ƙiyasin masana ya fara daga dubban ɗaruruwa har ya zarce miliyan ɗaya. Babu al'ummar da hannunta ya tsira daga jini, babu kuma wadda ba a zalunta ba. Malam Sana'ullah na cikin waɗanda abin ya rutsa da su: an kashe ɗansa, an ƙone masa ɗakin karatu, ya yi hijira zuwa Pakistan inda ya rasu a Sargodha a 1948. Allah Ya jiƙansa.

Cikin 'yan watanni kusan babu Musulmin da ya rage a Amritsar, kusan babu Hindu ko Sikh da ya rage a Lahor. Kowane gari ya yi asarar abin da ya fi buƙata. Lahor ya rasa masu jari: bankin Panjab National, wanda aka kafa a cikinsa, ya koma Delhi, jaridar Tribune ma ta ƙetara. Amritsar ya rasa masu sana'ar hannu, wato masaƙa da maƙera da majema da ma'aikatan masana'antu. Da yawansu a Lahor suka sauka, a unguwanni irin su Gawalmandi, inda har yau ake sayar da abinci da sunan Amritsar. A ƙidayar 1951 Lahor ya ƙaru zuwa kimanin 850,000, Amritsar kuwa ya ragu zuwa ƙasa da 340,000, duk da 'yan gudun hijirar da shi ma ya karɓa.

Me Ya Ɗaga Wannan, Me Ya Daƙile Wancan?

Malam Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi bayani a cikin Muƙaddimarsa cewa birane suna bin daula ne: inda mulki ya sauka nan dukiya da gine-gine da sana'o'i ke taruwa, idan kuma ya tashi, garin ba ya ɗorewa sai in yana da karkara mai yalwa da ke ciyar da shi da jama'a. Wanda ya riƙe wannan ma'auni zai gane abin da ya faru bayan 1947.

Lahor yana bakin iyaka kamar yadda Amritsar yake, amma bai rasa kujerar mulki ba. Ya ci gaba da zama hedikwatar Panjab ta Pakistan, daga 1955 zuwa 1970 ma shi ne hedikwatar dukkan Pakistan ta Yamma. Lardin da yake shugabanta shi ne mafi yawan jama'a a ƙasar, mutane fiye da miliyan 127 a ƙidayar 2023, kuma daga cikinsa mafi yawan sojoji da manyan ma'aikata ke fitowa. A Lahor aka yi taron ƙoli na ƙasashen Musulmi a Fabrairun 1974, wanda Sarki Faisal na Saudiyya da Anwar Sadat da Gaddafi da Yasir Arafat suka halarta. Daga shekarun 1980 kuma gidan Sharif ya mamaye siyasar lardin. Nawaz Sharif ya yi firaminista sau uku, ƙanensa Shahbaz ya daɗe yana babban ministan Panjab. Wani abin lura shi ne kakanninsu daga wani ƙauye na yankin Amritsar suka fito, Jati Umra, kuma sunan ƙauyen suka raɗa wa gidansu na gefen Lahor. A hannunsu aka buɗe babbar hanyar Lahor zuwa Islamabad a 1997 da layin manyan bas-bas na musamman a 2013, su ne kuma suka fara aikin jirgin cikin gari mai tsawon kilomita 27 da bashin ƙasar Sin, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2020. Jama'ar birnin ta haura miliyan 5 a 1998, miliyan 11 a 2017, miliyan 13 a 2023, ko da yake faɗaɗa iyakar abin da ake lissafawa a matsayin birni ya taimaka wajen wannan tsalle. Mutanen kudancin Panjab, yankin Multan da Bahawalpur, sun daɗe suna kukan cewa kuɗin lardi duk a Lahor ake zubawa, har suna kiransa Takht Lahor, wato gadon sarautar Lahor.

Amritsar kuwa ya tashi babu mulki, babu hanya. Gwamnatin Indiya ba ta yarda ta ajiye hedikwatar jiha a inda igwar abokan gaba za ta iya kaiwa ba, sai ta gina sabon birni fil, Chandigar, wanda aka koma a 1953. Kasuwannin da Amritsar ke rayuwa da su, na Lahor da Peshawar da Kabul, duk sun koma bayan shinge. Garin da yake mahaɗar hanyoyi ya wayi gari shi ne tasha ta ƙarshe. Yaƙe-yaƙen 1965 da 1971 suka ƙara tsorata masu jari, masana'antu suka karkata zuwa Ludhiana da Jalandhar da ke nesa da iyaka, har Ludhiana ya zarce shi ya zama birni mafi girma a jihar. Sannan fitina ta uku ta zo daga cikin gida. A watan Yunin 1984 Firaminista Indira Gandhi ta tura soja cikin harabar Harmandir Sahib don fatattakar 'yan awaren Sikh da suka fake a ciki, aka kashe ɗaruruwan mutane. A ƙarshen Oktoba masu tsaron lafiyarta biyu, mabiya Sikh, suka harbe ta, aka kashe dubban Sikh a Delhi don ramuwa. Jihar ta shafe kusan shekaru goma cikin ta'addanci da dokar hana fita. A ƙidayar 2011 mutanen Amritsar ba su wuce miliyan 1.1 da 'yan kai ba. Abin da ke riƙe da shi yanzu masu ziyara ne da otal-otal da cinikin amfanin gona, wato ya koma ga rabin tushensa na farko, ziyara ba tare da fatauci ba.

Rayuwar Talaka

Idan aka tsaya a nan, mai karatu zai ce Lahor ya yi nasara, Amritsar ya faɗi. To amma mu sauko daga saman gada mu shiga cikin gida.

A fannin karatu da rubutu tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Ƙidayar 2011 ta Indiya da ta 2017 ta Pakistan sun nuna cewa a gundumar Amritsar da ta Lahor kimanin mutum uku cikin huɗu ne suka iya karatu. Sai dai Lahor yana cikin na kan gaba a lardinsa, ya yi wa gundumomi da yawa fintinkau, alhali Amritsar tsaka-tsaki ne a jiharsa. Wannan yana nufin wanda ya fita daga Lahor ya nufi karkarar kudu zai ga faɗuwa mai zurfi, wanda ya fita daga Amritsar ya shiga ƙauyuka ba zai ga irinta ba.

A fannin lafiyar yara kuwa ma'aunin ya karkata gabas. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa a Pakistan kimanin 60 ba sa kai shekara biyar, a Indiya kuma kimanin 30, sannan jihar Panjab tana cikin jihohin da suka fi matsakaicin Indiya kyau. An tabbatar da kawar da cutar shan-inna daga Indiya a 2014, Pakistan kuwa ita da Afganistan ne suka rage a duniya da cutar ba ta yanke ba. Lahor yana da manyan asibitoci da ƙwararrun likitoci waɗanda Amritsar ba shi da irinsu, amma allurar rigakafi da ruwan sha mai tsabta da ungozomar da ta san aikinta su ne ke raya jariri, kuma waɗannan ba a hango su daga titi.

Haka batun kuɗin cefane yake. A watan Mayun 2023 hauhawar farashi a Pakistan ta kai kashi 38 cikin ɗari, a watan Agustan shekarar kuma jama'a suka fito tituna, har da Lahor, suna ƙona takardun kuɗin wuta saboda sun fi ƙarfinsu. A ɗaya ɓangaren gwamnatin jihar Panjab ta fara ba gidaje yunit 300 na wutar lantarki kyauta kowane wata daga Yulin 2022, ga kuma dokar abinci ta Indiya ta 2013 wadda ta ba marasa ƙarfi haƙƙin kilo biyar na hatsi ga kowane mutum a wata. Pakistan ma tana da shirin tallafin kuɗi ga mata matalauta tun 2008 mai ɗauke da sunan Benazir, amma hauhawar farashi takan cinye shi kafin ya kai kasuwa. A cikin Lahor ɗin kansa birane biyu ne: rukunin gidaje masu katanga da masu gadi, da yawansu a hannun hukumar gidaje ta soja ko manyan dillalan filaye, da kuma unguwannin da aka gina ba tsari, inda leburori da 'yan aikin gida ke kwana.

Kada kuma a ɗauka Amritsar aljannar duniya ce. Noman zamani da aka kawo a shekarun 1960, da irin alkama mai yawan yabanya da taki da famfunan ban-ruwa, ya sa Panjab ta Indiya ta zama rumbun ƙasar kuma ɗaya daga cikin jihohi mafi arziki. Amma jihar ta tsaya a kan alkama da shinkafa, ba ta gina masana'antun da za su ɗauki 'ya'yan manoman da suka yi karatu ba. Kyautar wuta da tallafi sun tara mata bashi mai nauyi, wasu jihohi suka wuce ta. Iyakar da aka rufe wa halattaccen ciniki ba ta rufu ga masu safarar hodar iblis ba, har akwai unguwa a Amritsar, Maƙbulpura, da ta yi suna da yawan zawarawa da marayun da shaye-shaye ya bari.

Shaida mafi ƙarfi ita ce inda matasan ɓangarorin biyu suka sa gaba. A Panjab ta Indiya iyaye kan sayar da gona su tura ɗa Kanada ko Amurka, wasu ta ɓarauniyar hanya. A filin jirgin Amritsar ne jirgin sojan Amurka ya sauka a Fabrairun 2025 ɗauke da Indiyawa 104 da aka koro. A Panjab ta Pakistan kuwa Turai ake nufa ta Libiya, kuma a jirgin ruwan da ya nitse kusa da gabar Girka a Yunin 2023 ɗaruruwan 'yan Pakistan ne suka halaka, da yawansu daga garuruwan tsakiyar Panjab da Kashmir. Birni mai jirgin ƙasa na zamani da birni mai wuta kyauta, kowannensu ya kasa ba saurayi dalilin zama a gida.

Abin Da Iyaka Ba Ta Iya Rabawa

Daga cikin sharuɗɗan da Ibn Khaldun ya lissafa wajen zaɓen mazaunin birni akwai kyawun iska da kusancin ruwa. A kan waɗannan biyu Lahor da Amritsar har yanzu gida ɗaya ne, ko sun so ko sun ƙi.

Kowace shekara a watannin Oktoba da Nuwamba manoman ɓangarorin biyu suna ƙona karan shinkafa don su yi saurin shuka alkama. Hayaƙin yakan haɗu da na motoci da masana'antu da wuraren gasa bulo, sanyi kuma ya danne shi a ƙasa. A Nuwamban 2024 ma'aunin gurɓatar iska a Lahor ya haura 1,000, alhali 300 ma ana ɗaukarsa haɗari, aka rufe makarantu, asibitoci suka cika da masu ciwon ƙirji. Babbar ministar Panjab ta Pakistan, Maryam Nawaz, ta fito ta ce matsalar ba ta warwaruwa sai an haɗa kai da ɗaya ɓangaren.

Ruwa kuwa tun farko ya zama makami. Layin Radcliffe ya bar bakin magudanar da ke shayar da Lahor a hannun Indiya, kuma a Afrilun 1948 aka toshe ta na kusan wata guda. Yarjejeniyar 1960, wadda Bankin Duniya ya shiga tsakani aka ƙulla, ta ba Indiya koguna uku na gabas, ciki har da Rabi, ta ba Pakistan uku na yamma. Sakamakon haka kogin da aka gina Lahor a bakinsa ya koma mafi yawan shekara kwatar ƙazantar gari, kuma biranen biyu suka dogara ga rijiyoyin burtsatse, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ƙara nisa kowace shekara. A Afrilun 2025 Indiya ta sanar da jingine yarjejeniyar bayan wani hari a Kashmir, a watan Mayu ƙasashen suka yi kwana huɗu suna musayar wuta, aka kashe fitilun Amritsar da dare, jirage marasa matuƙi suka faɗo a Lahor. Da Agusta ta zo sai Rabi ya yi ambaliya, ya ci ƙauyukan gundumar Amritsar da unguwannin gefen Lahor a mako guda.

An sha gwada buɗe ƙofar. Firaminista Vajpayee ya shiga Lahor a bas a Fabrairun 1999, an fara bas tsakanin Amritsar da Lahor a 2006, an buɗe sabuwar tashar kaya a Atari a 2012. A 'yan shekarun da ta yi tana aiki, siminti da gishirin dutse suna shigowa daga yamma, tumatir da waken suya suna fita daga gabas, dubban 'yan dako da direbobi suka samu abin kai wa gida. A 2019 aka dakatar da cinikin, a 2025 aka rufe mashigar. Kayan da tafiyar sa'a guda za ta kai su sai su zagaya ta Dubai, talaka ya biya kuɗin zagayen.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa mai karatu, abin da tarihin nan ya nuna shi ne girman Lahor daga kujerar mulki ya samo asali, tsayawar Amritsar kuma daga yankewar hanya, kuma babu ɗayansu da yake hujja a kan cewa mutanen wannan gari sun fi na wancan ƙwazo ko albarka. Mutane iri ɗaya ne, da yawansu ma musayar gidaje suka yi a 1947. Saboda haka idan ka ga ana yaɗa hoton dogayen benaye da gadoji ana cewa ga ci gaba, ka tambayi abubuwan da hoto ba ya ɗauka: yara nawa ke kai shekara biyar, albashin lebura yana kai shi ƙarshen wata, iskar da ake shaƙa lafiya take, kuma matasan garin shigowa suke ko fita? Ka kuma kiyayi auna gari da addinin mutanensa kawai, domin son da muke yi wa 'yan'uwanmu Musulmin Lahor ba ya halatta mana mu ɓoye gazawar shugabanninsu, kamar yadda saɓanin addini ba ya halatta mana mu musanta abin da maƙwabtansu suka gyara.

Akwai wata al'ada guda da rabuwar ba ta kashe ba. A harabar Harmandir Sahib ana ciyar da dubban mutane kyauta kowace rana ba tare da an tambayi addinin kowa ba, a Data Darbar na Lahor ma tukwane ba sa sauka daga kan wuta, kuma a wuraren biyu da kalma ɗaya ake kiran wannan ciyarwa, langar. Yawan masu layi a wuraren biyu yana nuna karamcin mutanen Panjab, yana kuma nuna yawan waɗanda ci gaban biranen bai iso gare su ba.

Allah Ya zaunar da ƙasashen nan lafiya, Ya ba shugabanninsu ikon yin adalci ga talakawansu, Ya sa mu zama masu ɗaukar darasi daga tarihi. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum.